Ƙuri'a ta Biyu: Waiwaye Daga Argungu Kan Kujerar Majalisar Jiha

Gangar zaɓen 2027 ta fara tashi a Jihar Kebbi. Duk inda mutum ya zauna a Argungu, ko teburin mai shayi ne, ko bakin tasha, ko dakalin ƙofar gida bayan sallar Isha'i, hirar ɗaya ce: wa zai tsaya shugaban ƙasa, wa zai ja da gwamna, wane sanata ne ya sauya sheƙa, wane babba ne ya gana da wane a Abuja. A kan waɗannan ake raba dare. Kujerar da ba kasafai ake jin ta a bakin mutane ba ita ce ta ɗan majalisar dokokin jiha, ga shi kuwa duk cikin kujerun da za a zaɓa babu wadda ta fi ta kusa da ƙofar gidan talaka. Shugaban ƙasa sai a rediyo, gwamna sai a jerin gwanon motoci. Ɗan majalisar jiha kuwa an san gidan ubansa, an san makarantar allon da ya yi, an san gonarsa a fadama.

Majalisar Dokokin Jihar Kebbi kujeru 24 gare ta, wato mafi ƙarancin adadin da tsarin mulkin 1999 ya yarda majalisar jiha ta samu. Mafi yawa kuwa 40 ne. A cikin 24 ɗin nan ƙasar Argungu tana da huɗu: Argungu, Augie, Arewa da Dandi. Mutum huɗu ke nan za su yi magana da yawun Kabawa da Arawa da Zabarmawa da Dandawa da Fulanin da ke zaune tun daga bakin Gulbin Rima har iyakar Nijar ta wajen Kamba da Kangiwa. Waiwaye adon tafiya ne. Kafin mu sake shiga layi, ya kamata mu duba yadda wannan kujera ta zo hannunmu da abin da muka yi da ita bayan ta zo. Ni dai abin da na gani shi ne, cikin shekara saba'in da 'yan kai ƙuri'a ta yi ta matsowa kusa da talaka har ta shiga hannunsa, amma sanin aikin wakilin da ake zaɓa da ita ya yi ta ja da baya.

A zamanin Jihar Arewa majalisa biyu ake da su a Kaduna. Akwai Majalisar Sarakuna, inda Sarkin Kabi na Argungu yake da kujerarsa tare da Sarkin Musulmi da Sarkin Gwandu da Sarkin Yawuri. Ƙasa da ita kuma akwai Majalisar Wakilai ta Arewa, wadda ita ce kakar majalisun dokokin jihohinmu na yau. Tsarin mulkin Gwamna Richards na 1946 ne ya kafa su. Da farko babu ruwan talaka da wanda ke zama a can, hukumomin En'e ne ke tsamo wakilai daga cikin mutanensu. Da tsarin Macpherson ya zo a 1951 sai aka kawo zaɓe, amma mai hawa-hawa: masu biyan haraji a ƙauye su fitar da wanda zai je gunduma, na gunduma su fitar da masu zuwa mataki na gaba, a haka har a isa lardi, inda 'yan tsiraru za su zaɓi masu tafiya Kaduna. Argungu a lokacin tana cikin Lardin Sakkwato. Muryar manomin Gulma ko masuncin Matan Fada tun a hawa na farko take ɓacewa.

Duk da haka, wannan majalisa da ba talaka ne ya zaɓe ta kai tsaye ba ta taɓa yin abin da ya girgiza Arewa. A watan Agustan 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, malamin makaranta daga Bauci, ya miƙe a zaurenta ya gabatar da ƙudurin neman a yi wa mulkin En'e gyara, ya soki yadda ake tafiyar da jama'a ba tare da an ji ta bakinsu ba. Ya faɗi haka a lokacin da sarakuna ke riƙe da kotu da 'yan doka da gidan yari. Ƙudurin ya samu shiga, aka yi bincike, daga bisani aka yi dokar En'e ta 1954. A cikin wannan wata na Agustan 1950 ne kuma aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Na kawo wannan ne don matasanmu su san cewa tun fil'azal zauren wakilai wurin faɗin abin da masu mulki ba sa son ji ne.

Zuwa zaɓen tarayya na 1959 an kai ga jefa ƙuri'a kai tsaye a duk faɗin Arewa. Dattawanmu suna ba da labarin yadda aka yi: kowace jam'iyya da akwatinta a bayan shamaki, da alamarta a manne, fartanya ta NPC, tauraro na NEPU, mutum ya shiga shi kaɗai ya jefa takardarsa inda zuciyarsa ta kwanta. A waje kuwa waɗannan na cewa Salama, waɗancan na cewa Sawaba. Amma maza kaɗai ke shiga layin. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a kan neman a bar matan Arewa su yi zaɓe, ba su kuwa samu ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, sannan tsarin mulkin 1979 ya tabbatar musu da shi. Juyin mulkin 15 ga Janairun 1966 ya rufe zauren Kaduna, aka yi shekara 13 babu majalisa. Cikin waɗannan shekaru ne Argungu ta koma ƙarƙashin Jihar Arewa maso Yamma a 1967, sannan Jihar Sakkwato a 1976.

Akwai wani abu a zaɓen 1979 da ya kamata a tuna. Hukumar zaɓe ta FEDECO ta ba kowace kujera ranarta: sanatoci ranar 7 ga Yuli, 'yan majalisar wakilai ranar 14, 'yan majalisar jiha ranar 21, gwamnoni ranar 28, shugaban ƙasa ranar 11 ga Agusta. Ke nan ɗan takarar majalisar jiha shi kaɗai ne a fage ranar zaɓensa, babu rigar gwamnan da zai laɓe a ciki, dole ya bi ƙauye-ƙauye ya faɗi ko shi wane ne. A 1983 aka juya tsarin, aka fara da shugaban ƙasa aka ƙare da majalisar jiha, sai kowa ya bi inda iska ta kaɗa. A waccan jamhuriya Shehu Kangiwa na NPN ne ya zama zaɓaɓɓen gwamnan Sakkwato na farko, har Allah ya karɓi ransa a 1981. A shekarar ne kuma majalisar Jihar Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, bayan ta ƙi amincewa da kwamishinonin Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP, ta tsige shi ranar 23 ga Yuni. Da yawanmu har gobe muna ganin ba a yi wa Balarabe Musa adalci ba. Amma lamarin ya koya wa kowa a Arewa cewa majalisar jiha na iya ɗaure hannun gwamna, tana kuma iya raba shi da kujerarsa.

Ranar 27 ga Agustan 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Kebbi daga Sakkwato. Cikin Disambar shekarar aka zaɓi gwamna da 'yan majalisar farko na sabuwar jiha, tsakanin SDP mai doki da NRC mai mikiya, Abubakar Musa na NRC ya zama gwamna. Waɗanda muka yi wayo a lokacin ba za mu manta da salon zaɓen ba, wato ƙato bayan ƙato. A filin makarantar firamare aka kafa hotunan 'yan takara, kowa ya je ya tsaya bayan nasa. Malamin zaɓe yana tafiya yana taɓa kafaɗar mutane ɗaya bayan ɗaya yana ƙirgawa da ƙarfi, jama'a na amsa masa, kafin azahar kowa ya san wanda ya ci. Tsarin yana da babban aibi: ɗa ba ya iya tsayawa a layin da ba na mahaifinsa ba, wanda ake bi bashi yana tsaye mai bin sa na kallonsa, suruki na kallon suruki. An ɓata zumunci da yawa a waɗannan layuka. Sai dai babu wanda ya koma gida bai san fuskar wanda ya zaɓa ba. Wannan majalisa ba ta cika shekara biyu ba Janar Sani Abacha ya rushe ta a watan Nuwamban 1993.

Tun daga zaɓen 9 ga Janairun 1999 kuwa zauren Birnin Kebbi bai sake rufuwa ba. Gwamnoni huɗu sun zo: Adamu Aliero, Sa'idu Dakingari, Atiku Bagudu, ga kuma Nasir Idris Ƙauran Gwandu. Wakilin da a da sai ya yi doguwar tafiya zuwa Kaduna, daga baya ya koma zuwa Sakkwato, yanzu daga Argungu zuwa zauren majalisa ba ya cin awa guda a mota. An samu katin zaɓe na dindindin da na'urar tantance shi a 2015, an samu BVAS mai duba yatsa da fuska a 2023. Gyaran tsarin mulki na 2018 ya sauko da shekarun tsayawa takarar majalisar jiha daga 30 zuwa 25. Matan da kakanninsu ba su taɓa riƙe takardar ƙuri'a ba, yau layinsu ya kan fi na maza tsawo, ko da yake kujerun zauren har yanzu maza ne ke cika su. Duk wannan ci gaba ne na gaskiya, kuma wasu sun sha wuya kafin a same shi. Bai kamata mu raina shi ba.

To amma mu dubi abin da ke faruwa a cikin rumfar zaɓen kanta. Ranar 18 ga Maris 2023 aka haɗa zaɓen gwamna da na majalisar jiha, kowane mai zaɓe aka miƙa masa takarda biyu. Takardun nan babu sunan ɗan takara a jikinsu, babu hotonsa, alamomin jam'iyyu ne kawai a jere. A rumfar da na yi zaɓe na ga wata tsohuwa da ta sha rana tun hantsi. Da layi ya zo kanta aka duba yatsanta, na'ura ta ƙi, aka ɗauki fuskarta, ta karɓa. Ta dangwala ta farko ba tare da jinkiri ba, don ta san gwamnan da ta fito zaɓa. Sai ta tsaya da ta biyun a hannu tana jujjuya ta, ta waiga ta ce wa malamin zaɓe, "Ɗana, wannan kuma ta wane ne?" Kafin ya buɗe baki wani saurayi daga bayan igiya ya ɗaga murya ya ce, "Inna, inda kika sa ta farko, nan za ki sa ta biyu." Ta dangwala, ta ninke, ta jefa, ta ɗauki sandarta ta tafi. Ba laifinta ba ne. Babu wanda ya taɓa zuwa ƙofar ɗakinta ya gaya mata abin da takarda ta biyu take yi.

Wannan shi ne sak, wanda ya yi tashe tun zamanin guguwar Buhari, musamman a 2015, lokacin da aka ce wa jama'a su dangwala wa jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa. An yi haka da kyakkyawar niyya, ana son shugaba ya samu mataimaka. Amma a ƙarƙashin sak mutane da yawa sun shiga majalisu a faɗin Arewa ba don an san su ko an auna su ba. Daga baya aka fara jin kalmar cancanta a bakin malamai da matasa, aka kuma ga alamarta a zaɓen 2023 a nan Kebbi, inda jama'a suka ba PDP rinjaye a kujerar shugaban ƙasa, suka tura sanatocin PDP Abuja, amma suka zaɓi gwamnan APC. Wannan ya nuna mutanenmu sun iya rarrabe takarda da takarda idan sun san abin da ke cikinta. Saura wannan wayewa ta sauko kan kujerar jiha.

Me ke cikin takarda ta biyu? Baitulmalin jiha rumbu ne, gwamna ke ɗiba, amma tsarin mulki a hannun majalisa ya ajiye mabuɗin. Sashe na 120 da na 121 sun ce ba a taɓa kuɗin jiha sai da dokar kasafi da majalisa ta amince da ita, kasafin Kebbi na 2025 kuwa ya haura naira biliyan 500. Babban mai binciken kuɗi na jiha majalisa yake kai wa rahotonsa. Sashe na 128 da na 129 sun ba ta ikon ta binciki kowace ma'aikata, ta kira kwamishina ko babban sakatare ko ɗan kwangila ya zo ya yi bayani. Ba a naɗa kwamishina ko babban jojin jiha sai da yardarta. Idan gwamna ya ƙi sa hannu a doka, kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa na iya zartar da ita. Ko tsarin mulkin ƙasa ba ya gyaruwa sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun yarda. An kuma wajabta mata zama na aƙalla kwana 181 a shekara. Ta wannan zaure ne dokokin Shari'ar Musulunci suka bi a shekarar 2000, ta nan ne dokar kafa jami'ar jiha da ke Aliero ta bi a 2006. Tun daga gyaran Maris 2023 kuma jihohi sun samu ikon yin doka a kan wutar lantarki da jirgin ƙasa da gidajen gyaran hali, abubuwan da a da sai Abuja.

Wannan shi ne aikin a rubuce. Aikin da muka ɗora wa wakilinmu a aikace kuwa wani ne daban. Duk wanda ya taɓa wucewa ta ƙofar gidan ɗan majalisa da sassafe ya san yadda take. Tun bayan sallar Asuba an shimfiɗa tabarmi, zaure ya cika. Wannan na riƙe da takardar magani ta asibiti, wancan da takardar kuɗin makarantar ɗansa, wani matarsa ta haihu babu ragon suna, wani zai aurar da 'ya babu gado da katifa, wani kuma so yake a sa baki ɗansa ya shiga aikin ɗan sanda. "Honarabul, Allah ya ƙara girma, ga ɗan uzurina." Shi kuma yana sa hannu a aljihu har aljihun ya ƙare, ya sulale ta ƙofar baya, daga nan a fara cewa ya daina ɗaga waya. Bayan shekara huɗu da wannan ma'auni ake auna shi: jana'iza nawa ya halarta, babur nawa ya raba, buhu nawa ya bayar da azumi. Ba a cika samun wanda zai tambaye shi abin da ya faɗa ranar da aka karanta kasafin lafiya ba, alhali rashin magani a asibitin ne ya kawo rabin mutanen da ke zaune a zaurensa.

Ba na zargin mai takardar magani. Wanda ɗansa ke kwance ba ya jiran muhawarar kasafi, kuma taimakon mabuƙaci ɗabi'armu ce da addininmu. Abin da ke damuna shi ne inda wannan hanya take kai mu. Kujerar ta yi tsada tun daga tushe. A 2022 fam ɗin neman takarar majalisar jiha a APC naira miliyan 2 ne, dokar zaɓe ta shekarar kuma ta yarda ɗan takarar wannan kujera ya kashe har naira miliyan 30. A wancan lokaci, kafin a zo ga talaka sai an bi ta hannun daliget, ko kuma a shiga ɗaki a fito a ce an yi maslaha, wanda sau da yawa ɗauki-ɗora ne aka sa masa sabuwar riga. Malamin makaranta irin Tafawa Ɓalewa, da albashinsa kaɗai, yau ko bakin ƙofar ba zai kai ba. Wanda ubangida ya saya wa fam, ya biya masa daliget, ya cika masa motocin kamfe da mai, da wane baki zai tambayi ubangidan nan lissafi? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda kuma zaurensa ke cike kullum, dole ya riƙa kai gwauro yana kai mari a gidan gwamnati don ya samu abin sallamar jama'a. Da haka ne majalisun jihohi a faɗin Nijeriya suka samu sunan 'yan amshin shata.

Abin ya kai ga a gyaran tsarin mulki na 2010, da aka miƙa wa majalisun jihohi damar cin gashin kansu ta fuskar kuɗi, ba a samu adadin da ake buƙata ba suka amince, maganar ta faɗi. Sai a 2018 aka shigar da ita, aka sake ƙarfafa ta a 2023. Yanzu dai a takarda majalisa ba ta buƙatar roƙon gwamna kuɗin gudanar da aikinta. Amma doka ba ta sa wa mutum ƙashin baya. Mu kuma jama'a ba mu cika jin labarin zauren ba sai ranar da aka tashi da hayaniya, kamar watan Agustan 2021 da aka tsige shugaban majalisar Kebbi da mataimakinsa. Ranakun da ake zama a kan kuɗin makarantunmu da asibitocinmu kuwa kujerun 'yan kallo a wofi suke.

Mu sauka fadama, don a can ne maganar take da nauyi. A watan Nuwamban 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Kebbi ya ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance ta hannun Babban Bankin Nijeriya. A 2016 aka fara sayar da shinkafar haɗin gwiwar Kebbi da Legas, a 2017 kuma aka buɗe katafaren kamfanin casar shinkafa na WACOT a nan Argungu. Noman rani ya sauya rayuwar gidaje da yawa: an yi rufin kwano, an sayi babura, an je Makka, samari da dama sun daina tafiya cirani. Amma noman nan a kan injin ban-ruwa yake tsaye, injin kuma fetur yake sha. Kafin 29 ga Mayun 2023 litar mai ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Bayan cire tallafi ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Manomin da ke ɗaura jarka biyu a bayan babur ya nufi gona da asuba, yanzu rabin jarka yake iya saye, ya tayar da injin ya shayar da rabin fili, sauran ya bar wa Allah. Da damina kuma ga ambaliya, irin ta 2020 da ta shanye gonakin shinkafa a Argungu da Augie da sauran garuruwan bakin gulbi ana dab da girbi.

Ɗan majalisar jiha ba shi ke yanke farashin fetur ba, ba shi ke buɗe madatsar Goronyo ko ta Bakolori ba. Amma shi ne ke da hurumin ya miƙe ya tambaya: nawa aka ware wa noman rani, nawa aka saki, taki da injin mai aiki da hasken rana da aka ce an raba hannun wa suka shiga, manomin Alwasa da na Sauwa da na Lailaba sun gani ko a gidajen 'yan siyasa suka tsaya? Wace hanya ake bi a sanar da mutanen bakin gulbi kafin ruwa ya iso? Tallafin ambaliya wa ya ƙirga shi? Da 'yan Lakurawa suka afka wa garin Mera a ƙaramar hukumar Augie cikin Nuwamban 2024 suka kashe mutane, kowa ya san soja da 'yan sanda na tarayya ne. Amma tsarin 'yan sa-kai da kulawa da su, da hanyar da jami'an tsaro za su bi su isa ƙauye, da ɗaukar nauyin marayun da aka bari, duk a kasafin jiha suke. Haka maganar ƙananan hukumomi: ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye, amma dokokin da ke tsara yadda suke aiki majalisar jiha ce ke yin su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan wakilin Argungu bai faɗi waɗannan ba, na Zuru ko na Yawuri ba zai faɗa masa ba, don kowa da nasa ciwon.

Adalci ne a ce an yi 'yan majalisa a jihar nan da suka riƙe amana, suka yi magana a inda magana ke da tsada, wasunsu ma hakan ne ya hana su komawa. Abin takaicin shi ne ba mu tsaya musu ba. Da aka hana su takara mun yi shiru, muka karɓi taliya da atamfa da sabulun wanda aka kawo a madadinsu. Ɗan siyasa yana karanta jama'arsa. Abin da ya ga ana saka wa da ƙuri'a shi zai yi. Idan ya ga rabon taliya na daren zaɓe ya fi shekara huɗu na bin diddigin kasafi riba, taliya zai tanada.

Saboda haka gyaran daga wurinmu zai fara, kuma tun ran gini ake zane. Wanda ya jira ranar zaɓe ya makara, domin a zaɓen fid da gwani ake yanke mafi yawan hukuncin. Masu katin jam'iyya su sa baki a zaɓen fid da gwani na mazaɓarsu, su nuna wanda suke so da wanda ba sa so. Ƙungiyoyin manoman shinkafa, da masunta, da 'yan kasuwa, da malaman makaranta, da ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie, su gayyaci duk mai neman kujerar nan, na kowace jam'iyya, ya zauna a gabansu a fili. Wanda ke kan kujera a tambaye shi ƙuduri nawa ya kawo, wane kwamiti yake ciki, wace ma'aikata ya taɓa kira ta yi bayani, makarantu da asibitocin mazaɓarsa nawa ya shiga da ƙafarsa. Sabon shiga a tambaye shi ko ya taɓa buɗe kundin kasafin jiha, wa ya saya masa fam, kuma sau nawa a shekara zai dawo ya tara jama'a ya ba su rahoto. Limamanmu da malamanmu, waɗanda ake saurara fiye da kowa, su bayyana wa mutane cewa ƙuri'a shaida ce, shaida kuwa ba a sayar da ita. 'Yan mata da samarin da suka yi karatu su zauna da iyayensu mata a cikin gida su nuna musu bambancin takarda ta farko da ta biyu. A kuma sani cewa sashe na 110 ya ba jama'ar mazaɓa ikon yi wa wakilinsu kiranye, idan fiye da rabin masu rajista suka sa hannu aka kuma tabbatar da shi a ƙuri'ar raba gardama.

Kakanninmu ba a tambaye su wanda zai wakilce su ba. Iyayenmu mata sai da aka yi gwagwarmaya kafin a bar su su shiga layi. Mu an ba mu kati, an ba mu na'ura, an kawo mana zauren majalisa kusa da gida, ba mu da sauran uzuri. Ya ɗan'uwa mai karatu, ko a Argungu kake, ko Augie, ko Kangiwa, ko Kamba, kafin ranar zaɓen 2027 ka san sunan kowane mai neman kujerar majalisar jiha a mazaɓarka, ka san halinsa, ka san wanda ya tsayar da shi, ka yi masa tambaya ido da ido. Idan ya cancanta ka ba shi ko ba jam'iyyar gwamnanka yake ba. Idan bai cancanta ba ka hana shi ko ɗan ɗakinku ne. Allah ya ba mu wakilai masu tsoronsa, ya ba mu ikon zaɓen su, ya zaunar da Jihar Kebbi da Nijeriya lafiya.